BISHRUL HAFI, MALAMIN DA YA TSINCI TAKARDA A KAN HANYA (150–227 B.H.)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai tsaya ne a kan wani bawan Allah wanda bai ci gari da yaƙi ba, bai riƙe alƙalanci ba, bai bar mata ko ɗa ba, kai ko rigar da ya cika a cikinta ta aro ce. Duk da haka, ranar da aka ɗauko gawarsa sai da birnin Bagadaza ya tsaya cik. Shi ne Bishru ɗan Harisu, wanda aka fi sani da Bishrul Hafi, watau Bishru mara takalmi, Allah Ya yi masa rahama.

Dalilin da ya sa muka zaɓe shi ba ɓoyayye ba ne ga mutumin Tasawa ko na Mayahi. Dattawanmu ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda aka laƙaba wa El-Buhari, lokacin da garuruwa suka watse aka bar gidaje a buɗe. Daga 2019 dubban mutane suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, suna gudun 'yan bindiga. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidajen ƙasa masu yawa, jiharmu kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wanda duk ya fito sallar Asuba da wuri ya san cewa akwai masu kwana a rumfar kasuwa da bakin tasha da barandar masallaci. Tarihin Bishru yana da abin da zai ce mana game da su.

ASALINSA

An haifi Abu Nasri Bishru ɗan Harisu a shekara ta 150 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 767 ta Miladiyya, wasu kuma suka ce 152, a wani ƙauye kusa da birnin Marwu cikin ƙasar Hurasan. Wannan Marwu ba ita ce Marwar Makka ba. Babban birni ne na gabas, wanda kangonsa yake cikin ƙasar Turkmenistan a yau. A shekarar 150 ɗin ne Imamu Abu Hanifa ya rasu, a cikinta kuma aka haifi Imamu Shafi'i. Bagadaza kuwa sabuwa ce fil, shekara biyar ke nan da Halifa Mansur ya aza harsashinta.

Gidansu ba gidan talauci ba ne. Ibnu Hallikan ya lissafa shi cikin 'ya'yan shugabanni da magatakarda, kuma akwai malamai a danginsa, kamar Aliyu ɗan Hashram wanda Muslim da Tirmizi suka karɓi hadisi daga gare shi. Amma samartakar Bishru ba ta bi hanyar gidan ba. Masu tarihi sun ambaci cewa ya shiga cikin samari marasa jin magana, ya yi zaman shaye-shaye da wasa. Ba su ɓoye wannan ba, mu ma ba za mu ɓoye ba, domin uban da ɗansa ya fanɗare ya san cewa ƙofa ba ta rufe ba.

TAKARDAR DA AKA TATTAKE

Wata rana yana tafiya sai ya ga guntuwar takarda a ƙasa, ƙafafu sun tattake ta. Da ya duƙa ya ɗauka sai ya ga sunan Allah a rubuce a kanta. Ya kakkaɓe ta, ya tafi wurin mai turare da ɗan kuɗin da ke hannunsa, wanda bai wuce dirhami ɗaya ko biyu ba, ya sayi galiya, watau haɗin almiski da ambar, ya shafe takardar, sa'an nan ya cusa ta cikin tsagar bango inda ƙafa ba ta kaiwa. A daren ya yi mafarki ana yi masa bushara cewa tun da ya ƙamsasa sunan Allah, za a ƙamsasa nasa sunan duniya da lahira. Daga nan ya tuba, bai kuma waiwaya ba. Imamu Ƙushairi ya kawo wannan labari a Risalarsa, Abu Nu'aim ma ya kawo shi a Hilya.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a nan. Hanyar nan ba Bishru kaɗai ya bi ta ba a ranar. Waɗanda suka tattake takardar Musulmi ne, watakila cikinsu har da masu zuwa karatu da masu dawowa daga salla, waɗanda idan aka jera su da wannan saurayi kowa zai ce sun fi shi. Ba ƙeta suka yi ba. Idonsu ne ya saba da shara, ya daina rarrabewa. Shi kuma, da duk dauɗar da ke tare da shi, ya rage masa wannan abu ɗaya, cewa yana iya duƙawa ya duba. Sa'an nan bai tsaya ga ɗaukewa ba. Da ya ajiye ta a bango kawai, da ya sauke abin da ke kansa. Amma sai ya kashe mata abin da zai ci abinci da shi.

Wannan ladabi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mun tashi mun ga tsofaffi idan suka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa suna ɗaukewa su soke ta a danga ko a jinka, ko da ba su iya karanta ta ba. An hana mu tsallake allo, an kuma koya mana kada mu zubar da wankinsa inda ake takawa. Sai dai zamani ya kawo abin da tsofaffin ba su sani ba. Yanzu sunan Allah yana zuwa cikin baƙaƙen boko, a jarida da kalanda da littafin makaranta, kuma da irin waɗannan ake ƙunshe ƙosai da tsire. Ita kanta wannan takarda da ke hannunku tana ɗauke da sunan Allah tun daga layinta na farko, don haka muna roƙo idan an gama karantawa a miƙa wa wani, kada a bar ta a tabarmar masallaci iska ta kwashe.

Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi. Takarda ba ta da wata daraja ta kanta, sunan da ke jikinta ne ya ɗaga ta. To, yaron nan da ke kwance a bakin masallaci cikin tsumma, wanda ke da izu goma ko ashirin a ƙirjinsa, da tsohon da ruwa ya cinye ɗakinsa, wanda harshensa ba ya rabuwa da kalmar shahada, su fa? Da yawa daga cikinmu ba za su iya tsallake takarda ba, amma suna tsallake waɗannan kullum su shiga sahun farko. A ganinmu sauran rayuwar Bishru duka ta fito ne daga wannan duƙawa ta farko. Ido ɗaya ne ya ga takardar, shi ne kuma daga baya ya riƙa ganin mutanen da birni ya zubar.

DALILIN LAƘABINSA

An ba da dalilai dabam-dabam a kan rashin sa takalminsa. Wanda Ibnu Hallikan ya kawo shi ne, igiyar takalminsa ɗaya ta tsinke, ya je wurin baduku yana neman wata, badukun ya yi masa gorin cewa irinsu sun cika ɗora wa mutane nauyi. Nan take ya yar da wanda ke hannunsa, ya tuɓe na ƙafarsa, ya yi rantsuwa ba zai ƙara sawa ba. Wasu kuma suka ce a ranar tubarsa ba shi da takalmi, sai ya ji kunyar canza halin da Allah Ya karɓe shi a cikinsa. Wasu suka ce yana ganin ƙasa shimfiɗar Ubangiji ce, bai ga dacewar taka ta da takalmi ba.

Shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofar malaminsa Mu'afa ɗan Imrana, aka tambayi ko wane ne, ya faɗi sunansa haɗe da laƙabin. Sai wata 'yar yarinya daga cikin gida ta ba shi shawarar ya sayi takalmi na daniƙi biyu, sulusin dirhami ke nan, laƙabin ya rabu da shi. Malamin da zai riƙa ba da irin wannan labari a kan kansa bai ɗauki ƙafarsa a bakin wani abin alfahari ba.

Mu dai ba mu kira kowa ya tuɓe takalmi ba. Manzon Allah (SAW) ya sa takalmi, ya kuma kwaɗaitar da sa shi kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Abin da Bishru ya yi hali ne nasa tsakaninsa da Ubangijinsa. Yaron da ke taka rairayin Mayahi da rana tsaka cikin bazara, ƙaya da ƙarangiya suna sukarsa, ba zuhudu yake yi ba, rashi ne, kuma maganinsa takalmi.

KARATUNSA DA BINNE LITTATTAFANSA

Bishru ya bar Marwu ya shiga duniya neman hadisi. Ya je Makka da Kufa da Basra, ya zauna a Abbadan, wurin ribaɗi da masu ibada ke taruwa a bakin teku, kafin ya tare a Bagadaza. Ya ji daga Imamu Malik, da Hammadu ɗan Zaidu, da Sharik, da Fulailu ɗan Iyalu, da Isa ɗan Yunusa, da mutumin garinsu Abdullahi ɗan Mubarak. Malaman tantance maruwaita, irin su Daraƙuɗni, sun shaide shi da amana. Ibrahimul Harbi, wanda ya zauna da shi, ya ce Bagadaza ba ta fitar da wanda ya fi shi cikar hankali da tsare harshe ba.

Sai ga shi ya daina karantar da hadisi, ya tattara littattafan da ya sha wahalar rubutawa, waɗanda aka ce sun kai akwati 18, ya binne su a ƙasa. Hujjarsa ita ce ya lura zuciyarsa tana jin daɗin a taru a gabansa ana rubuta abin da yake faɗa, kuma yana ganin duk lokacin da mutum ya ji marmarin magana, lokacin shiru ne ya yi. Ya kan ce wa ɗaliban hadisi su fitar da zakkar karatunsu, watau cikin kowane hadisi 200 da suka rubuta su yi aiki da biyar.

Maganar zakkar karatu magana ce da za a rubuta a ƙofar kowace makaranta. Amma binne littattafai ba mu bi shi a kai ba, kuma tun da can malamai irin su Ibnul Jauzi sun soki wannan aiki ga duk wanda ya yi shi. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya tsamo guntuwar takarda daga ƙura shi ne ya mai da akwatuna cikin ƙura. Ya ji tsoron riya, tsoron kuwa a kan gaskiya yake, amma da Imamu Malik ya yi haka da ba mu da Muwaɗɗa. A ƙasarmu ma gara da ruwan sama sun ishe mu binne littattafan kakanni. Wanda ya gaji gafaka a gidansu ya buɗe ta ya duba tun ba a makara ba.

BAGADAZAR TALAKAWA

Idan aka ambaci Bagadaza ta zamanin Haruna Rashid sai a tuna fadoji da zinariya. Akwai wata Bagadazar a bayan wannan. Bayan rasuwar Haruna a 193, 'ya'yansa Amin da Ma'amun suka yi yaƙin sarauta, rundunar Ɗahiru ɗan Husaini ta kewaye birnin fiye da shekara guda, har zuwa 198 (813 Miladiyya). Majaujawar yaƙi da wuta suka rushe unguwanni. Ɗabari da Mas'udi sun ba da labarin mayaƙan da aka riƙa kira tsirara, talakawa marasa gida da fursunoni da 'yan kasuwar titi, waɗanda kwalkwalinsu saƙar ganyen dabino ce, irin yadda matan Gulbin Kaba ke saƙa kaba, garkuwarsu kuma tabarma ce da aka shafa wa kwalta. Da yaƙi ya ƙare sarauta ta zauna, su kuwa suka koma kangaye. Cikin irin wannan birni Bishru ya ƙarasa rayuwarsa, kuma da gangan ya zaɓi gefen da zai zauna.

Sana'ar da aka san shi da ita ita ce sassaƙa mazari yana sayarwa. Abincinsa sau da yawa gurasa ce ba mahaɗi. An ruwaito cewa ya yi shekara 40 yana marmarin gasasshen nama, bai samu dirhamin da zuciyarsa ta natsu da halaccinsa ba balle ya saya. Ba ya shan ruwan magudanan da sarakuna suka haƙa, saboda shakkar kuɗin da aka biya ma'aikata da su. Wata rana cikin tsananin sanyi wani ya shiga wurinsa ya tarar ya tuɓe rigarsa yana rawar ɗari. Da aka tambaye shi, sai ya bayyana cewa ya tuna matalauta da abin da suke ciki, ba shi da abin da zai ba su, shi ne ya so ya raba sanyin da su. Wani zai ce wannan bai ɗumama kowa ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya taɓa yarda jaurar watan Janairu ta ratsa shi saboda tuna wani, ba zai iya kwana da bargo uku a akwati ba ranar da ya samu.

Ya kasa matalauta kashi uku: wanda ba ya roƙo kuma ko an ba shi ba ya karɓa, da wanda ba ya roƙo amma idan an ba shi ya karɓa, da wanda ke roƙo idan lalura ta kai shi. Bai kori na ukun daga rahama ba, ya ce gaskiyarsa cikin roƙon ita ce kaffararsa. Abin lura gare mu shi ne kashi biyun farko ba a ganinsu a ƙofar masallaci ranar Juma'a, sai an bi su gida, in suna da gidan.

Shi kansa ba ya neman kome wurin kowa sai mutum ɗaya, Sariyyus Saƙaɗi, kawun Imamu Junaidu, wanda ya rasu a 253. Dalilinsa shi ne ya tabbatar Sariyyu yana murna idan abu ya fita daga hannunsa. Laƙabin Saƙaɗi kuwa daga sana'arsa ya fito: ɗan koli ne mai sayar da tarkace da ƙananan kayan da manyan attajirai ba su kula da su. Ga mai sassaƙa mazari, ga mai sayar da tarkace, su ne a yau ake karanta sunayensu a littattafai, an manta da masu rumbunan alharini na kasuwar. Wannan ya isa ya sa mu gyara kallon da muke yi wa yaran da ke bin juji da buhu suna tsintar ƙarfe da roba, da maƙerin da ke mai da gwangwani fitilar aci-bal-bal, da mai yanka tsohuwar taya ya fitar da takalmi ko guga, da mai narka dalma ya zuba tukunya. Neman halal suke yi, kuma suna da madogara: Manzon Allah (SAW) ya wuce wata tunkiya da ta mutu aka yar, ya nuna cewa da an jeme fatarta an amfana. Manomanmu ma sun ga haka da idonsu tun daga shekarun 1980, lokacin da aka fara sassabin zamani a jihar Maraɗi: kututturan da ake sarewa a ƙone kowace shekara, da aka bar su aka gyara musu rassa, su ne suka zama itatuwan da ke tsaye a gonaki.

MAI NIYYAR ƘARA HAJJI

Imamu Gazali ya kawo a Ihya'u cewa wani mutum ya zo yi wa Bishru ban kwana zai tafi hajjin nafila, ya tanadi dirhami 2,000. Bishru ya tambaye shi abin da yake nema da tafiyar, ya ce yardar Allah. Sai ya nuna masa cewa zai iya samun yardar yana zaune a gidansa: ya raba kuɗin ga mutum goma, wanda bashi ya danne, da matalaucin da al'amarinsa ya watse, da mai iyali da yawa, da mai riƙon maraya, in ma zuciyarsa za ta iya ya ba mutum ɗaya duka, domin faranta zuciyar Musulmi da yaye masa baƙin ciki ya fi hajji ɗari bayan na farilla. Mutumin ya ce shi dai tafiyar ta fi ƙarfi a ransa. Bishru ya yi murmushi, ya gaya masa cewa dukiyar da aka tara ta hanyar shubuha ta kan matsa wa mai ita ya kashe ta inda rai ke so, a kuma inda mutane za su gani.

Kada a fahimce mu a karkace. Hajjin farilla rukuni ne, ba a musanya shi da sadaka. Magana ce a kan na biyu da na biyar. Kuɗin kujera daga Nijar ya haura miliyan 3 na sefa a 2023. Kowane maginin Tasawa zai iya gaya wa alhaji ɗakuna nawa na tubali da ƙyaure wannan kuɗi zai tayar.

Tun da masallata muke yi wa magana, bari mu ƙara da hukuncin ɗakin Allah. A masallacin Manzon Allah (SAW) akwai rumfar da ake kira Suffa, inda sahabbai marasa gida suke kwana, cikinsu har da Abu Huraira. Abdullahi ɗan Umar ya kwana a masallaci yana saurayi. Buhari ya kawo labarin wata 'yantacciyar baiwa da aka yi wa 'yar bukka a cikinsa. Baƙar matar nan da ke tsince shara a masallacin, da ta rasu aka binne ta ba a sanar ba, sai da Annabi (SAW) ya nemi kabarinta ya yi mata salla. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, an halatta barcin rana a masallaci da saukar da baƙo a masallacin ƙauye, an kuma wajabta wa jama'a ɗaukar jaririn da aka yar. Mun san dalilin kwamitoci na sa kwaɗo, ana satar lasifika da batir da tabarmi. To, a kulle ɗakin kaya, a bar baranda da randar ruwa.

'YAN'UWANSA MATA

Bishru bai yi aure ba, kuma bai ɗauki wannan a matsayin fifiko ba. Ya kan ce Imamu Ahmadu ɗan Hambali ya fi shi da abu uku: yana neman halal don kansa da iyalinsa, shi kuwa don kansa kaɗai, ya iya ɗaukar nauyin aure, shi ya kasa, an kuma tsai da shi shugaba ga jama'a. Wurin da yake raɓawa shi ne wurin 'yan'uwansa mata uku, Mulga da Muhha da Zubda, dukansu masu ibada. Mulga ce babba, ta riga shi rasuwa, ya yi baƙin ciki mai tsanani. Ya kan ce daga 'yar'uwarsa ya koyi tsantseni.

Abdullahi ɗan Imamu Ahmadu ya ba da labarin ranar da Muhha ta zo wurin mahaifinsa da tambaya. Jarinta duka daniƙi biyu ne. Tana sayen auduga da su, ta kaɗa, ta sayar da zaren rabin dirhami, ta ci ribar daniƙi ɗaya daga Juma'a zuwa Juma'a. Wani dare 'yan sintirin hukuma suka tsaya kusa da ita da jiniyarsu, ta yi amfani da hasken ta kaɗa ɗan zare, daga baya zuciyarta ta ƙi natsuwa, domin ba ta san da kuɗin wa aka sayi man ba. Imamu Ahmadu ya umarce ta ta fitar da daniƙi biyun ta zauna ba jari har Allah Ya musanya mata. Ɗansa ya yi mamakin tsananin fatawar, sai ya bayyana masa cewa yadda ta yi tambayar bai bar wurin sassauci ba, kuma da ya ji ko 'yar gidan wa ce ya ce daga nan abin ya fito. Fatawa ce ta mai irin wannan zuciya, ba ta kowa ba.

Zubda kuma ta ce wani dare ya zo gidanta, ya sa ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya tsaya a haka yana tunani har gari ya waye. Da ta tambaye shi, ya ce ya tuna akwai Bishru Banasare da Bishru Bayahude da Bishru Bamajuse, suna ɗaya da shi, sai ya shiga tunanin me ya gabatar har aka keɓe shi da Musulunci, yana godiya yana kuma jin tsoron a karɓe.

FITINA DA RASUWARSA

A 218 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. Imamu Ahmadu ya ƙi, aka ɗaure shi, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Mutane suka zo wa Bishru suna so ya fito ya yi magana kamar yadda Ahmadu ya yi. Ya amsa cewa wannan matsayin annabawa ne, shi ba shi da ƙarfinsa, ya yi wa Ahmadu addu'a, ya kuma kwatanta shi da zinariyar da aka sa a wutar maƙera ta fito ja zur. Bai ƙirƙiro hujjar da za ta mai da shirunsa jarumta ba, ko ta rage darajar wanda ya tsaya.

Duk rayuwarsa yana gudun a san shi, yana gargaɗin cewa mai son mutane su san shi ba zai ɗanɗani zaƙin lahira ba. Bai cika son a bi shi a hanya ba. Amma sunan ya bi shi duk da haka.

A cikin ciwon ajalinsa wani mutum ya shigo yana kukan rashi. Bishru ya tuɓe rigar da ke jikinsa ya ba shi, ya ari wata, a cikinta ya cika. Ya rasu a Bagadaza a shekara ta 227, daidai da 841 ta Miladiyya, yana da shekara 75 ko kaɗan fiye da haka. An fito da gawarsa bayan sallar Asuba, amma saboda cunkoson jama'a ba a sa shi a kabari ba sai bayan duhu ya shiga. An ga manyan malaman hadisi, Aliyu ɗan Madini da Abu Nasri Attammar, cikin taron suna ɗaga murya suna shaida cewa wannan ɗaukakar duniya ce tun kafin ta lahira. An binne shi a maƙabartar Babu Harbi, inda aka kawo Imamu Ahmadu bayan shekara 14, a 241.

Allah Ya jiƙansu, Ya jiƙan magabatanmu da iyayenmu baki ɗaya, amin.